Daga aji sai ina? Lamarin wani gidan haya da ya faɗi a Damagaram a daminar 2024

A shekarar 2024 yara ba su koma lakwal ranar 2 ga watan Oktoba ba kamar yadda aka tsara tun farko, gwamnatin Nijar ta ɗage komawar sai 28 ga wata, kuma dalilin kowa ya ji shi a rediyo: ruwa ya kayar da wasu azuzuwan, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu kuma mutane ne cike a ciki da tabarminsu da tukwanensu da jariransu. Kwana 26 kenan aka cire daga karatun yaran ƙasa baki ɗaya. Ni a ganina wannan ɗagewar ita ce babban abin da aka biya don mafakar gaggawa a waccan shekarar, sai dai ba daga baitulmali aka ciro ba, daga karatun ɗiyan talakawa aka yanka.

Daminar kam ba a manta ta. A faɗin Nijar mutum sama da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma Maraɗi da Damagaram da Tawa suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. A nan cikin garin Damagaram ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin nan na Birni, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ya zube mutane suna kallo suna ɗaukar bidiyo da salula, kafin magariba ya zagaye duniya a WhatsApp. Masallacin ya samu masu yi mishi kuka har ƙasashen waje, kuma ya cancanta. Ɗakunan laka da suka zube a wannan satin a lunguna kuwa babu wanda ya ɗauki hotonsu sai masu su.

Wanda bai san Damagaram ba zai yi mamakin yadda garin da ake layin jarka a bakin pampo, garin da ruwan shansa sai an janyo shi daga nesa irin su Gogo Machaya da Arungunza, wai shi ne ruwa ke cinyewa. To ai dutse ne a ƙarƙashinmu. Ruwa in ya sauka baya nutsewa, sai ya bi gangare ya tara a tabkuna da tsofaffin ramukan da aka haƙi ƙasar gini, kuma garin ya faɗaɗa har mutane sun gina a kan hanyar ruwan, magudanan da ke akwai kuma leda da yashi sun toshe su. Ginin laka baya tsoron ruwan sama da ke dukansa daga bisa in dai an yi yaɓe an gyara indararo kafin damina, abin da ke kashe shi ruwan da ya kwanta a gindin bango kwana biyu kwana uku yana jiƙa tushe, sai dare ɗaya ka ji rim.

Gidan da nake son in yi magana a kansa haka ya tafi. Ba zan faɗi unguwar ba balle sunayen mutanen, don har yanzu suna nan suna neman abincinsu. Gidan haya ne na laka mai ɗaki biyar da zaure, a gangaren wani tabki. Mai gidan ɗan kasuwa ne, shi yana zaune a wata unguwar cikin gidan siminti, wannan gadon mahaifinsa ne da ya zuba 'yan haya. A ciki akwai wata gwauruwa mai ƙosai da ɗiyanta da uwar mijinta, tsohuwa da ƙafa ta riƙe, su ke da ɗaki biyu. Akwai ɗan kabu-kabu da amaryarsa mai ciki. Akwai wani tela da iyalinsa. Ɗaki na biyar samari ne 'yan ci-rani daga wajen Mirya masu tura ruwa a kura. Sai zaure, inda almajirai ke kwana da izinin mai gida, tare da wani tsoho da ya daɗe yana gadin shaguna har ƙarfi ya ƙare, ba shi da kowa a garin, zauren nan shi ne gidansa.

Bangon baya ne ya fara tafiya, wajen ƙarfe uku na dare, ya ja ɗakin tela da na samarin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba don tun da yamma telan ya ga tsaga ya kwashe yaransa zuwa zaure. Kafin gari ya waye sauran ɗakunan ma babu mai hankalin da zai kwana a ciki, azara ta sauko, rufin ya lotsa. Mai unguwa ya zo da sassafe ya duba, ya yi salati, ya ce a tattara abin da ya saura a nufi lakwal ɗin firamare da ke kan tudu, ya riga ya yi magana da darakta ya buɗe azuzuwa.

Ku lura da wannan wurin, don nan ne lamarin yake. A daren farko, lokacin da mutum ya fi bukatar rufi a kansa, abin da ya yi aiki mabuɗin aji ne da kuma maganar mai unguwa. Babu wani gini da aka tanada don wannan ranar, ko tantin da ke jibge a wani sito a cikin unguwa ana jiran a kafa. Sa'a ɗaya da aka ci ita ce ruwan Nijar yana zuwa ne lokacin babban hutu, Yuli zuwa Satumba, azuzuwa babu kowa. Shekara da shekaru wannan dacewar ce ke rufa mana asiri, har aka saba da ita aka ɗauke ta kamar tsari ce.

Zaman ajin kuma ba abin da za a so wa maƙiyi ba ne. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi, masai ɗaya ga mutum 20, ruwa lita 15 a yini ga kowane kai. Ajin lakwal irin namu kamar mita 7 ne da mita 9, in ka yi lissafi mutum 18 ya kamata ya ɗauka. Ajin da aka sa mai ƙosai da amaryar ɗan kabu-kabu da matar tela ya ninka haka, don an haɗa su da matan wasu gidajen, an ture tebura gefe an ɗora kaya a kai, an ɗaura zannuwa da igiya ana raba wuri. Maza kuwa aji guda aka ba su, da yawa ma a baranda suke kwana ko su koma su kwana a kan kangon don gadin ƙofofi da kwanon rufi da azara, saboda ɓarayi ba su san ta'aziyya ba. Masan da aka gina don yara masu zuwa da safe su tafi da rana ya koma na manya dare da rana, cikin sati ya cika. Sauro kuwa a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara, sai wanda ya gani. Tsohuwar nan mai ciwon ƙafa sai an ɗauke ta ake kai ta bayan gida, surukarta ta bar suyar ƙosai don babu wanda zai zauna da ita, kaga kenan kuɗin shiga ya tsaya a daidai lokacin da ake nemansa.

Bayan 'yan kwanaki masu ƙidaya suka zo da takardunsu. A nan ne aka fara rigima mai sanyi. Tambayar farko ita ce gidan wa ya faɗi, kuma amsar gaskiya ita ce gidan Alhaji. Alhajin ma ya zo da kansa ya tsaya a rubuta shi, kuma ba za ka ce ya yi laifi ba don dukiyarsa ce ta zube. Mai ƙosai ta matsa kusa da mai unguwa ta durƙusa ta ce, ranka ya daɗe, shi Alhaji ai a gidansa ya kwana jiya, mu ne a aji. Mai unguwa mutum ne mai tsoron Allah, ya tsaya kai da fata sai da aka rubuta magidanta uku na cikin gidan kowa da sunansa da yawan bakin da yake ciyarwa. Samarin Mirya ba a same su ba lokacin, sun fita tura ruwa, da suka dawo aka ce an rufe takarda. Almajiran zaure da tsohon mai gadi kuwa ba a ma kawo zancensu ba, don takardar iyali take nema da mai gida a kansa, su kuma ba iyalin kowa ba ne.

Taimako ya zo, kar a ce ban faɗa ba. An samu buhun hatsi, an samu tabarmi da barguna da gidan sauro da bokiti da sabulu, wani daga gwamnati wani daga ƙungiyoyi wani daga 'yan kasuwar gari da suka ji tausayi, matan unguwannin da ruwa bai taɓa ba ma sun yi ta aiko da tuwo a kwanuka. A lokacin Nijar tana da ma'aikatar minista guda mai kula da ayyukan jin ƙai da bala'o'i, tana da OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar cimaka, tun shekaru aru-aru, kuma saboda fari da yunwa da muka sha a 1973 da 1984 da 2005 ƙasar nan ta ƙware wajen abu ɗaya: kai buhu inda ake jin yunwa. Duk tsarin agajinmu a kan ciki aka gina shi. Shi ya sa ko da bala'in na ruwa ne, ko da abin da mutum ya rasa ɗaki ne, abin da ya fi saurin isowa buhu ne, sai ka ga mace ta karɓi shinkafa ba ta da inda za ta ajiye ta ruwa bai taɓa ba.

Daga baya cikin watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti don mutane su samu su sake gini. Mataki ne mai kyau, kuma Alhaji mai gidan ya amfana da shi sosai. Amma siminti na mai fili ne. Ɗan haya ko kyauta aka ba shi tan guda ina zai zuba? To ka ga kuɗin gwamnati ya taɓa wurare biyu, ya taɓa cikin mutum a satin farko, ya taɓa mai fili a ƙarshe, tsakiyar nan kuwa, wato daga daren da ɗaki ya faɗi har zuwa ranar da mutum zai sake samun ƙofar da zai kulle, wata uku ne ko shida ko shekara, ita ce aka bar wa darakta da mabuɗinsa.

Kuma ba wai babu doka ba. A watan Disamba na 2018 Nijar ta kafa doka kan kariya da taimakon mutanen da suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu, ita ce ma ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da yarjejeniyar Kampala ta 2009 dokar cikin gida, kuma yarjejeniyar ba ta tsaya kan 'yan gudun hijirar yaƙi kaɗai ba, ta haɗa da waɗanda bala'i irin ambaliya ya kora. A takarda mai ƙosai tana da haƙƙin mafaka. Amma idan aka ce 'yan gudun hijira hankalin kowa Difa yake tafiya da Tilaberi, inda matsalar tsaro ta kori dubban ɗaruruwa, kuma gaskiya ne can wutar ta fi ci. Matar da ruwa ya kora daga lungunta zuwa lakwal ɗin da ke taku ɗari biyar ba ta yi kama da 'yar gudun hijira ba a idon kowa, har ita kanta.

Sai kuma a yi adalci a duba aljihun gwamnatin a lokacin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi har zuwa Fabrairun 2024, masu ba da tallafin kasafi da yawa suka janye hannu, aka zabge kasafin kuɗin 2023 da kusan kashi 40 cikin ɗari, iyakar Benin a rufe kaya suka yi tsada. An kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa, FSSP, a watan Oktoban 2023 wanda ake tara mishi kuɗi daga kiran waya da tikitin mota da gudummawar jama'a, amma gabansa harkar tsaro ya fi fuskanta. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun da'irori da na jihohi aka naɗa wakilan gudanarwa, ma'ana ana saura 'yan watanni damina ta kankama kansilan unguwa da mutane suka saba kwankwasa wa ƙofa ba ya nan, sababbin kuma suna koyon aiki. Duk wannan na sani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce rashin kuɗi ne kaɗai, don ko a shekarun da kuɗin proje ke yawo a garin nan kamar ruwan Agusta, lakwal ɗin dai ita ce mafakar.

Da 28 ga Oktoba ta matso darakta ya fara zagayawa aji aji yana ba da haƙuri. Shi ma bawan Allah an matsa mishi daga sama, ga tebura sun karye wasu ma an yi makamashi da su, ga masai a cike, ga bango ya yi baƙi da hayaƙi, kuma duk gyaran nan a kan lakwal da iyayen yara zai faɗa. Ya je wajen tsohuwar ya ce, Inna ki gafarce ni, ba korarku nake ba, yara ne za su shigo. Ta ce mishi ɗana ai ka yi mana abin da ɗan cikinmu bai yi ba.

Ga inda kowa ya nufa. Telan shi ya fi sa'a, keken ɗinkinsa ya tsira, wani abokin sana'arsa a kasuwar Dole ya ba shi gefen shago, ya samu ɗaki a wata unguwa amma hayar ta kusan ninka wadda yake biya a da, don ɗakuna sun yi ƙaranci masu gida kuma sun gane. Ɗan kabu-kabu ya mayar da amaryarsa gidan iyayenta ta haihu can, shi yana kwana a fada wajen abokai, aure dai bai mutu ba amma an daɗe ana jan zance tsakanin dangi. Samarin Mirya biyu sun koma ƙauye girbi, sauran suna kwana a tasha. Mai ƙosai ce ta fi shan wuya. Babu mai ba ta ɗaki sai ta biya watanni a gaba, ga jarin ƙosai ya narke a zaman aji, sai wani maƙwabci ya bar ta ta kafa rumfar zana da tamfol a cikin filinsa da bai gina ba, nan suka shiga hunturu ita da yara da tsohuwa, kuma wanda ya san sanyin Disamba da Janairu a Damagaram da iskar da ke shigowa ta ƙasan zana ya san me nake nufi. Babbar 'yarta ba ta koma lakwal ba a shekarar, aka sa ta talla. An yi ta zuga uwar ma wai ta bi ayarin matan da ke tafiya Aljeriya bara da yara kamar yadda ake yi daga wajen Kance, har ta fara tambayar kuɗin mota, ciwon tsohuwar ne ya riƙe ta.

Almajiran malaminsu ya raba su zaurukan unguwa. Tsohon mai gadi ya koma barandar wani masallaci, ya kuma ci gaba da zama abin da yake tun kafin ruwan, mutumin da babu shi a takardar kowa. Irinsa suna da yawa a garin nan, a tasha, a bakin kasuwa, masu taɓin hankali da ke yawo, yaran da suka gudo daga gida, wasu tsofaffin Kara-Kara, unguwar da asalinta ma wurin da aka ware kutare ne. Mu Hausawa muna da wata fahariya cewa a ƙasarmu ba a kwana a titi don akwai zaure akwai masallaci akwai dangi, kuma da gaskiya a ciki, zauren nan ya rufa asirin mutane da yawa. Amma zaure na laka ne shi ma, kuma sababbin gidajen siminti da ake yi yanzu get ne da gareji, babu mai gina zaure.

Alhaji ya sake gina gidan da bulo da siminti, ya yi kyau ƙwarai, ya ɗaga tushe sama da hanyar ruwa. Babu ko ɗaya cikin tsofaffin 'yan hayar da ya iya komawa, kuɗin ya fi ƙarfinsu.

In da za a tambaye ni inda ya kamata kuɗin gwamnati ya shiga, ba zan ce a gina wani ƙaton sansani a bayan gari ba, don mai ƙosai kasuwarta a bakin lungunta take, in ka kai ta kilomita goma ka ba ta tanti ka raba ta da masu sayen ƙosanta, da ƙafarta za ta dawo gangaren tabkin. Abin da lamarin gidan nan ya nuna ƙanana ne kuma masu arha. Garin Damagaram da'ira biyar ne, kowace ta san unguwanninta da ruwa ke ci duk shekara, mai unguwa zai iya lissafa maka su da ka. A ware fili a kan tudu a kowace da'ira tun watan Mayu, a yi masai da pampo, a ajiye tantuna da tamfol a sito kusa, a sa kuɗin a kasafin da'ira da sunansa tun farkon shekara ba sai an jira Yamai ta aiko bayan ruwa ya gama ɓarna ba. Takardar ƙidaya kuma ta riƙa tambayar wa ya kwana a nan daren jiya, a raba ta da takardar wa ke da gini, don asarar mai gida daban ce da ta ɗan haya kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ga ɗan haya, kuɗin hayar wata uku a hannu ya fi mishi komai, kuma yanzu da ake tura kuɗi ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi da ke kowace kusurwa ba abu ne mai wuya ba. Da mai ƙosai ta samu wannan da ba ta ci jarinta ba, da 'yarta tana aji. In kuma dole sai an yi amfani da lakwal, to a sa kuɗin yashe masai da gyaran tebura a cikin lissafin agajin, kar a bar wa darakta da ƙungiyar iyayen yara.

Sannan a daina dogara da cewa ƙungiyoyin waje za su cike wannan giɓin, don tantunan da aka saba gani da tambarinsu ba su da tabbas yanzu, wasu ƙungiyoyin gwamnati ta dakatar da su, Amurka kuma ta zabge tallafinta na waje a 2025. Rumfar mai ƙosai tamfol ɗinta rana ta riga ta cinye shi, mai filin kuma ya fara sauke yashi da bulo a gefe, ya ce mata ba gaggawa yake ba amma ta fara dubawa.